Sauya lasisin littafin jagorar manhaja: wasu marubutan ba su amsa ba

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawara.

Manhajarmu tana ƙarƙashin lasisin GPLv3 (lasisi shi ne sharuɗɗan kwafa da sauya aiki), littafin jagorarta kuma yana ƙarƙashin lasisin GFDL, kuma lasisin biyu ba sa jituwa. Ko misali ɗaya ba za mu iya kwasowa daga littafin mu saka cikin manhajar ba. Muna so mu mayar da littafin ƙarƙashin lasisin CC BY-SA 4.0, tunda tun 2015 aka halatta a kai abin da ke ƙarƙashinsa zuwa GPLv3.

Hanyar da Wikipedia ta bi a 2009, ta koma CC BY-SA daga GFDL ba tare da neman izinin kowane marubuci ba, ta rufe: sassaucin da GFDL 1.3 ya bayar na yin hakan na shafukan wiki ne, kuma wa'adinsa ya ƙare ranar 1 ga Agusta na shekarar.

Saura neman izinin duk wanda ya yi rubutu a littafin, ga shi ba wanda ya taɓa miƙa mana haƙƙin mallakarsa. Yawancinsu sun yarda. Wasu shiru, imel ɗinsu ya mutu. Ɗaya kuma Allah ya yi masa rasuwa, kuma shi ya rubuta babin girka manhajar kacokan.

Ni dai ban ɗauki shiru a matsayin yarda ba. To magadansa za mu nema, ko mu sake rubuta babin daga tushe? Wanda ya gyara harafi ɗaya fa, shi ma sai an tambaye shi?