PS4 ɗina yana zafi har ya kashe kanshi, masu sani ku taimaka

Ɗan_Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa, ya zafi. Don Allah masu sanin harkar gyara ku taimaka min. Ina da PS4, mashin ɗin wasan tele na Sony, babban nan na farko ba ƙaramin nan Slim ba, okaziyon na saye shi kuma duk lokacin hunturu lahiya lau yake aiki, to tunda zafin Afirilu ya shigo sai ya canza hali, da na sa FIFA ko rabin mac ba a yi fanka ta kama ruri kamar injin niƙa har innarmu na jiyowa daga tsakar gida, can sai rubutu ya hito a tele wai ya yi zafi da yawa a kashe shi, wani lokaci ma fitilar nan ta samanshi ta koma ja ya mutu da kanshi. Yana cikin kantar tele mai gilashi, ɗakin kuma na kwano ne. Na sa mishi bantilo daga waje tana hura shi amma ba canji. Fanka ce ta lalace ko mi? In gyara ko in saida tun bai mutu gaba ɗaya ba?

Sarkin_Manet:
Hhhh abokina ba mashin ba ko mu mutane fitilarmu ta yi ja a garin nan. Ka sa shi firigo ya sha sanyi kaɗan kahin ka kunna, sannan ka kai shi wajen mai faci ya hure ma shi da iskar taya, shikenan magana ta ƙare

MaiGyara_Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko don girman Allah kar ka bi maganar firigo. Abu mai sanyi in ka hito da shi cikin zafi raɓa yake yi, kuma ba a waje kaɗai ba har kan katin ciki, wato faifan da kayan lantarkin suke kai, ka kunna shi a jiƙe ka tashi daga matsalar zafi ka koma matsalar da ba ta gyaruwa. Iskar mai faci ita ma da ruwa take hitowa wani lokaci, kuma ƙarfinta yana juya fanka fiye da ƙima ya ɓata ta.

Fankarka ba ta mutu ba, ai da ta mutu da ba ka ji ruri ba. Tana ihu ne don tana tura iska iskar ba ta samun hanya. Yadda abin yake, iska na shiga ta ƴan ramukan gehe da gehe, fanka ta tura ta cikin radiyater wato ƙarfen nan mai siraran layuka da ke zaune kan babban cif ɗin kamfanin AMD, wato ƙwaƙwalwar mashin, daga nan ta bi ta akwatin kuran mai ba mashin wuta ta hita ta baya. To duk ƙurar hunturu da ya shaƙa tun Disamba a bakin layukan nan take taruwa ta dunƙule ta toshe su, lokacin sanyi ba ka gane ba saboda iskar ɗaki na taimakonshi, yanzu da zafi ya zo asiri ya tonu. Shi ya sa bantilo ta waje ba ta yi komai ba, roba kawai take sanyayawa.

Kuma ka tuna wannan samfurin tun 2013 ya hito, Slim da Pro sai 2016, in ba a taɓa buɗe shi ba to man da ke tsakanin cif da radiyater, pat termik, ya daɗe da bushewa ya zama gari.

In za ka yi da kanka ka cire waya daga bango ka bar shi ya huce. Kana buƙatar turnebis mai tauraro T9 irin mai rami a tsakiya, na banza ba ya shiga, sukurorin suna baya ƙarƙashin ƴan sitika. Ka ɗaga murfin ƙasa, ka kwance akwatin kuran a hankali don akwai ƴar waya siririya haɗe da shi, kuma kar ka buɗe cikin akwatin nan don yana riƙe wuta ko an cire shi. Da ka ɗauke shi za ka ga bakin radiyater. Buroshin haƙori busasshe da ɗan tsinke sun isa, fanka kuma ka danne ta da yatsa in kana hurawa kar ta juya. Wannan kaɗai yana warkar da da yawa. Canjin pat shi ne sai an hito da kati gaba ɗaya, in hannunka bai saba ba ka kai ma mai gyara kuma ka tsaya a yi gabanka.

MaiSalDeJe:
Duk abin da malam ya faɗa haka ne, ni ina da ƴan mashina da yara ke bugawa a zaure, bari in ƙara da abin da ba gyara ba. Hito da shi daga kantar nan yau yau, gilashi a ruhe iskar da ya hitar ita yake sake shaƙa. Takardar Sony da kanta ta ce a yi amfani da shi tsakanin digiri 5 zuwa 35, kuma a bar aƙalla santimita 10 tsakaninshi da bango, mu kuwa nan Damagaram Afirilu da Mayu da rana sama da 40 muke, ɗakin kwano kuma Allah kaɗai ya sani. Ni a watannin nan daga azahar zuwa la'asar rufewa nake, yara su yi ta ƙorahi ba ruwana. Kar ka aje shi ƙasa kan darduma ko katifa, tebur mai tsawo ya hi, ni har murahun kwalba huɗu nake sa ma kowane a ƙasa ya ɗan ɗagu. In ka gama ka kashe shi kwata-kwata ba ka bar shi yana barci da fitila ruwan lemu ba, sai ya huce sannan ka luɓa mishi ƙyalle, ba yana aiki ba. Wani abu kuma kyankyasai, suna son ɗumin akwatin kuran sosai su shiga su haɗa wuta, don haka a daina cin biredi da shayi kusa da shi. In da hali ka nemi ondila, na'urar nan mai riƙe wuta in an ɗauke, saboda ɗaukewar kuran ana cikin wasa tana ɓata abin da ke kan dis ɗin ajiyar wasanni, babban nan har wat 250 aka rubuta mishi, Slim 165, kar ka sayi ƙarama.

Yar_Karkada:
Sannunku. Malam mai gyara don Allah ƙanena ya ce wai man goge baki yana maye gurbin pat ɗin nan, gaskiya ne? Namu PS5 ne shi ma ya fara ƙara kuma yaron nan na ga yana neman turnebis

MaiGyara_Zango:
Hajiya ɓoye turnebis ɗin. Man baki ruwa ne a ciki, zafi na taɓa shi zai bushe. PS5 ma ba pat gare shi ba, ƙarfe ne mai ruwa-ruwa aka zuba kan cif, kuran na bi ta cikinshi, ɗigo ɗaya ya zuba kan kati an yi asara. Abin da zai iya yi a gida shi ne ya zare faifan nan fari na jiki ba sai da kwance sukuru ba, ya share fanka da buroshi, irin na farko da ya hito a 2020 akwai ramuka biyu da aka yi musamman don a zuƙe ƙura ta nan. Ya tsaya nan.

Ɗan_Birni:
Na gode ƙwarai yayyena Allah ya saka. Na samo turnebis ɗin a kasuwar Dole wajen masu kayan salula, na buɗe, wallahi layukan radiyater ko ɗaya ba a gani don ƙura har da gashi. Na share na maida shi kan tebur, yanzu bai ƙara kashe kanshi ba sai dai fanka har yanzu tana tashi in wasa ya yi nisa. In je ga pat ɗin ko in bari?

MaiGyara_Zango:
Tunda ya daina mutuwa ba gaggawa, amma ƙarar da ta rage pat ce. Ka nemi mai kyau irin Arctic MX-4, ba farar nan ta cikin ƴar leda ba. A goge tsohuwar tas da alkol mai ƙarhi har ƙarfe ya yi ƙyalli ya bushe, a ɗiga sabuwa girman ƙwayar wake a tsakiyar cif. Ƴan robobi masu laushi da ke kan cif-cif na memuwa kar a yar da su, kowace a maida ta wurinta. Sukurori biyu na ƙarfen da ke danne cif a riƙa ɗaure su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, in an ƙulle ɗaya tukuna zai zauna a karkace ka dawo nan kana tambaya.