Taƙaitawa: hirarmu kan gwanayen wasan golf

'Yan'uwa mazauna Jidda, ga abin da aka tattauna:

1. An yarda Jack Nicklaus ne kan gaba da manyan kofuna 18, Tiger Woods na da 15.
2. Wa ya fi? Nan aka rabu. Dattawa na bayan Nicklaus. Matasa suka ce a tuna yadda Tiger ya ci Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf, a 2019 bayan tiyatar gadon baya, ɗansa ya ruga ya rungume shi a bakin fili. Ni ma nan zuciyata take.
3. Gasar LIV da kuɗin Saudiyya suka kafa a 2022: wasu sun ce Phil Mickelson, gwanin golf da ya koma gasar, kwaɗayi ya bi, wasu suka ce neman halaliya ne.
4. Masu yara: a fara da hayar sanduna kafin a saya.