Wace tasha ce mai gidana yake kunnawa a Bankok?

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Tailan. Mai gidan da nake haya dattijo ne, kullum da asuba sai ya kunna wata tasha a wayarsa: malaman addinin Buddha cikin mayafin ruwan lemo, kai a aske, suna rera karatu, shi ma ya tanƙwashe ƙafa ya rufe ido. Ya ce ta haikalinsu ce. Ashe haikali yana mallakar talabijin? Ina son in fahimci mutumin, don yana kyautata mini ƙwarai.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Kila ta haikalin Wat Phra Dhammakaya ce, da ke Pathum Thani, arewa da Bankok. Sun buɗe tashar DMC a 2002, ta tauraron ɗan adam, tana watsa wa'azi da darasin natsuwa dare da rana. A Disambar 2016 hukumar kula da kafafen watsa labarai ta dakatar da ita, lokacin da ake neman kama shugaban haikalin, Dhammajayo, kan zargin kuɗin wata ƙungiyar adashi. An zargi tashar da kiran mabiya su taru su kare shi. Daga nan suka koma intanet da sunan GBN, shi ya sa kake ganinta a waya.

Malam Na-Allah:
Ɗana, kada ka tayar masa da zancen shari'ar nan. Mabiyan suna ganin zalunci aka yi musu.

Ɗan Kurmi:
Na gode Malam, na gode Hajiya. GBN ɗin ce kuwa, na duba ɗazu.