Yadda matuƙa ke kiyaye ƙa'idar tsayi don rage ƙara yayin sauka

Shawarar da matuƙan jiragen fasinja suka fi nanatawa ita ce a rage tafiya a kwance ƙasa-ƙasa kafin sauka. Jirgin da ya sauko da wuri ya miƙe a ƙafa 2,000 dole ya ƙara wa injin wuta, kuma wannan rurin ne ke tashin mutanen unguwa daga barci. A filin Heathrow na Landan, ba a yarda jirgi ya gangara ƙasa da ƙafa 2,500 da rana, ko 3,000 da dare, ba kafin ya daidaita kan layin titin sauka.

Lissafin mai sauƙi ne: gangaren digiri 3, wanda jirage suka saba bi wajen sauka, yana cin kusan ƙafa 300 na tsayi a kowane mil na teku (kusan kilomita 1.85). Saura mil 20? Kamata ya yi kana wajen ƙafa 6,000. Ninka gudun jirginka bisa doron ƙasa (mil na teku nawa a awa) da 5, ka samu ƙafa nawa za ka sauko a minti. Don haka suka ce a tambayi mai kula da zirga-zirga saura mil nawa tun da wuri, kada a yi ta kintace.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne sakin tayoyi da wuri, domin iska na ƙugi a jikinsu, ga ƙarin jan iska da ke rage gudun jirgi. Kuskuren saita matsin iska a na'urar auna tsayi ma na yaudara: kuskuren hektofaskal (ma'aunin matsin iska) ɗaya kusan ƙafa 28 ne.

Amma idan iska ta juya ko jirgi bai nitsu ba a ƙafa 1,000, a manta da batun ƙara, a tashi a sake zagayowa.