Kowa tsallake gad ɗina yake, kuɗin koci zan biya ko ƙarfe zan fara ɗagawa?

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa. Wata takwas kenan ina jiu-jitsu (kokowar ƙasa ta shaƙa da murɗa gaɓa) nan Abu Dhabi, farin bel na 'yan koyo, aikin gadi nake a Musaffah na dare. Matsalata gad ce, wato tare abokin karawa da ƙafafu kana kwance, in ina ƙasa ko minti ɗaya ba na kaiwa mutum ya kama min wando a gwiwa ya tura ƙafafun gefe ya danne ni, daga nan numfashi ya ƙwace sai in ji kamar an rufe ni da bargo. Akwai gasa nan da sati goma kuma na sa suna. Bayan na tura na gida dirhami 400 ke rage min, ko dai in biya koci ya koya min gad ni kaɗai, ko in shiga jim ɗin ƙarfe in sayi furotin. Kuma kilo 79 nake, in sauka ajin nauyi na 77 ne ko in zauna a ajin 85? Koci da jim duka biyun ba za su yiwu ba dan Allah.

Sarkin Ƙarfe: Yi duka biyun kawai. Sikwat da dedlif (tsuguno da ƙarfe da ɗaga shi daga ƙasa) sau huɗu a sati, kiriyatin (garin ƙarin ƙarfi) giram 5 kullum, sannan ka ɗau koci.

Ɗan Fagge: Oga 400 fa na ce

Bawa na Dosso: Ni abin da ban gane ba a wasan nan naku, mutum da lafiyarshi ya kwanta da bayanshi a ƙasa wai dabara ce. Mu a kokowa in bayanka ya taɓa ƙasa makaɗa sun canza kiɗi kenan. Je ka gaya ma Issaka Issaka, zakaran kokowar Nijar, ya kwanta ya yi gad 😂

Abu Sultan: Ƙanena ka raba kanka da maganar sauka 77 ɗin nan. Ni kilo shida na zubar a kwana tara saboda gasa, sauna da tofar da yawu da shan ruwa kamar magani, a watan Yuli kuma a Sharja. Na hau mat, shimfiɗar da ake wasa a kai, ƙafata na rawa, yaron ya shigo da gwiwarshi zai yanka ta kan cinyata ya tsallake gad ɗina, maimakon in bar mishi maki ukunshi in sake shiri sai girman kai ya sa na murɗe ƙafa da ƙarfi, ji na yi ƙas. Guringuntsin gwiwa ya yage. Wata bakwai ba mat, sallah a kan kujera, hawa benen masauki sai an riƙe ni, wurin aiki saura kaɗan su sallame ni. Abin da ya fi ci min rai ma jim ɗin ba su fasa cirar kuɗi a katina ba duk wata, na kai musu takardar asibiti suka ce ai kwantiragin shekara na sa wa hannu. Kocin da ke ce min ɗan'uwa ko waya bai yi min ba wlh.

Maman Hanif: Subhanallah, Allah ya ƙara lafiya Yaya. Amma tsakanin 79 da 77 kilo biyu ne a sati goma, ba irin naka ba ne. Ya bar lemon kwalba da shayin karak mai sukari da parata na tsakar dare, da kanshi zai sauka.

Abu Sultan: Haka ni ma aka ce min da farko.

Sarkin Ƙarfe: Furotin giram 1.6 ne a kan kowane kilo, kai wajen 126 kenan a rana. Ƙwai ɗaya giram 6.

Bawa na Dosso: Ƙwai ashirin da ɗaya kenan fa. A ɗakin da mutum shida ke kwana da AC a rufe? Ka ji tsoron Allah

Maman Hanif: Ba sai ƙwai kaɗai ba, ga wake, ga adas, kaza, laban, kifin gwangwani. Garin furotin sauƙi ne kawai, ba dole ba ne.

M. Auwal: Shekara shida ina yi, bel ɗina fafal, mataki biyu sama da fari. Abin da ka faɗa ba rashin ƙarfi ba ne, kana bari a kama wandonka ne kana kallo. Da ya kama ka ɓalle riƙon nan take, kar ka jira. Kar ka kwanta shamo-shamo, koma gefe ɗaya kana fuskantarshi, gwiwarka kusa da gwiwar hannunka ta yadda ba ramin da zai shiga. In ya wuce ƙafa tokare shi da dantse a wuya da ƙugu, zame ƙugunka baya, maido gwiwa ciki. Sai ya danne ka daƙiƙa uku kafin alƙali ya ba shi maki, kai kuwa tun kafin nan ka riga ka sallama a zuciyarka. Maganin firgitar nan kullum ka roƙi wanda ya fi ka nauyi ya fara daga saman ka, minti biyu, kai dai numfashi ta hanci da neman fita, sati uku za ka ga bambanci. Koci na awa ɗaya 150 ne a wurinmu, biyu sun ishe ka, canjin ka sayi abinci.

Kb_Deira: 150 a ina Malam? 350 aka ce min a Dubai

Abu Sultan: 250 na biya, kuma rabin awar waya yake dannawa

M. Auwal: Mai baƙin bel ɗan Brazil daban, mai bel ruwan ƙasa daban. Farin bel ba ya buƙatar zakaran duniya ya koya mishi zame ƙugu.

Sarkin Ƙarfe: Dabara dabara, in kun haɗu da wanda ya fi ku ƙarfi ku yi bayani. In ƙarfi ba komai ba ne me ya sa ake raba ajin nauyi?

Kb_Deira: Royce Gracie a 1993 fa? Bai wuce kilo 80 ba ya cinye gasar faɗa ta UFC ta farko, wadda ba ajin nauyi

Sarkin Ƙarfe: Da waɗanda yawancinsu ba su san komai a ƙasa ba ya kara. Yanzu kowa ya sani.

M. Auwal: Sarki ba don raini ba, ka taɓa sa gi, kayan da muke wasa da su?

Sarkin Ƙarfe: Shekara goma sha ɗaya ina ɗaga ƙarfe, jiki ai jiki ne

Bawa na Dosso: Wato bai taɓa ba 😂😂

Kb_Deira: Tunda an zo maganar gi, dan Allah masu zuwa da wanda ba a wanke ba ku ji tausayinmu. Makero na kwaso a wuya sati uku ina shafa magani, ga wani da farcen ƙafa kamar lauje ya yanke ni a ƙwauri, kuma mutum ya shiga banɗaki ba takalmi ya dawo ya taka inda muke sa fuska.

Abu Sultan: Ka gaya wa masu jim ka gani ko za su kula, su dai katinka ya yi aiki ranar ɗaya ga wata. Akwai wanda ya san inda ake kai ƙarar kwantiragin nan?

Ɗan Fagge: Na gode duka. M. Auwal mai 150 ɗin yana yi da safe kuwa? Ƙarfe shida nake tashi aiki. Kuma har yanzu ba a ce min 77 ko 85 ba

Kb_Deira: Abu Sultan nawa suka cire maka gaba ɗaya?