Lambar da ta ƙi kasuwa: wane suna za mu ba ta?

1. Jama'a, ku taya ni. A watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano wata lamba mai alƙaluma 41,024,320 ta hanyar GIMPS, wani shiri da masu sa kai ke amfani da kwamfutocinsu wajen farautar irin waɗannan manyan lambobi. Ga yadda ake samunta: a ninka 2 da kanta har sau 136,279,841, sannan a cire 1. Duk girman nan, babu lambar da ke raba ta ba saura, sai 1 da ita kanta. Na zauna zan yi wa ƙanena bayani, sai harshe ya maƙale. Me ake kiran irin wannan lamba da Hausa?

2. A aji malamai "firam" suke cewa, su wuce. Ba laifi, ai mun karɓi kwamfuta ba mu mutu ba. Amma firam ba ta gaya wa yaro komai, haddace ta kawai yake yi.

3. Wani malami daga Nijar ya ce su da Faransanci "lamba ta farko" ake cewa, Larabawa ma "awwali" suke kiranta. Malam, na gode, kuma akwai hujja, domin daga irin waɗannan lambobi ake gina sauran ta hanyar ninkawa: 30 ai 2 sau 3 sau 5 ce. Matsalar ita ce, ka tambayi Bahaushe lamba ta farko, 1 zai ce maka. Ita kuwa 1 masu lissafi sun fitar da ita daga gidan.

4. Wata baiwar Allah ta ce a ce "mara" kawai. Hajiya, a nan kam ban bi ki ba. Cika da mara namu ne tun tale-tale, kuma aikinsu daban. 9 mara ce, amma tana kasuwa uku-uku. 91 ma mara ce, kallon farko ka rantse ba ta rabuwa, alhali 7 sau 13 ce. Ga kuma 2, cika ce, amma tana cikin dangin da muke nema wa suna, ita kaɗai a duk cika.

5. Ni kasuwa na tafi da tunanina. Ba mai tumatir guda 12, zai kasa su bibbiyu, uku-uku, huɗu-huɗu ko shida-shida. Ba shi 13, sai dai ya jera su ɗai-ɗai ko ya tara su wuri guda. Wani ya ce to "gagara-kashi". Na yi dariya har da hawaye. Yallaɓai, rubutunmu ba ya nuna karin sauti, ka san abin da 'yan aji uku za su yi da wannan suna.

6. Saboda haka na tsaya a kan "ƙi-rabu", a kan ƙirar ƙi-faɗi da ƙi-gudu. Lamba ƙi-rabu, lambobi ƙi-rabu. Kishiyarta kuma "mai-rabuwa". Gajere ne, kuma ma'anar na cikin sunan.

7. Na gwada shi a jimla. Lambar Durant ƙi-rabu ce 'yar gidan Mersenne, wani limamin Kirista Bafaranshe na ƙarni na 17, kuma ita ce ta 52 da aka sani a gidan. Siffar gidan ita ce a yi ta ninka 2 da kanta, sannan a cire 1. Amma ba duk mai wannan siffa ce ƙi-rabu ba: ninka 2 da kanta har sau 11, cire 1, ka samu 2047, wadda take 23 sau 89. Ƙanena ya ji, ya ɗauko biro, yanzu haka yana can yana fama da 221.