Shawarwarin fada kan sassaƙar marmara

A wata fadar shayi a unguwar Zariya, nan Maraɗi, hirar masu zane da magina ta faɗa kan dutsen marmara, wato dutsen nan mai sheƙi da ake kira mabul. Wani dattijo ya ce farin da ake yabo daga Karara ta Italiya yake fitowa, da shi shahararren mai sassaƙa Mikelanjelo ya sassaƙa gunkin Dauda da ya kammala a 1504. Masu sassaƙa na zamani kuwa, irin su marigayi Brancusi, goge shi suke har ya yi sumul kamar ƙwai.

Mai koyon sassaƙa, in ji su, ya fara da gutsattsarin da masu sa tayil suka zubar. A jiƙa dutsen kafin yanka, don ƙurarsa na cutar da huhu. Kada lemun tsami ya taɓa shi, dushewa zai yi. Ni kam, kofin zoɓo ɗaya ya bar wa nawa jan tabo.